Cinikin Hannun Abdul-Hanan

Morrisania, Bronx
Farkon Maris

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Nimatu da yara da duk mutanen Aboabo. Yaya ƙafar taka? Kofi, mai kai-komo tsakaninmu, ya ce ya gan ka a kara kana bin shanu da sanda, kamar ba kai likita ya ce ka zauna ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya. Najat, matar ɗanka Abdul-Hanan, tana da juna biyu, Allah ya raba lafiya.

Na ba Kofi takarda ne ban kira ba, domin na san wayarka. Ba ka ji sai an ƙure murya, kuma abin da na faɗa da safe, kafin la'asar ya zaga Kumasi.

Ka san aikin yaron, jifa. A wasan besbol shi ne mai tsayawa a tsakiya ya jefa ƙwallo, mai sanda yana neman ya buge ta. Ka sha dariya ka ce ana biyansa kan abin da ake dukan yara a kai. To dokarsu ita ce, ƙungiyar da ta raine ka tana riƙe da kai shekara shida. Bana ce ta shida. Da an gama wasannin bana ya zama mai 'yancin kansa, kowace ƙungiya tana iya tayawa.

Ga abin da ya hana ni barci. Akwai wani Mista Halbat, shi ke kula da kwantiragi a ƙungiyarsu ta nan New York. Bara da maigidana Ishawu ya rasu, mutumin nan ya zo zaman makoki, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma cikin maza. Har na ce wannan Bature ɗan halak ne. Shi ya dafa kafaɗar yaron ya ce ƙungiya tana bukatarsa. Yaron ya koma wasa bayan sadakar uku, ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba, kuma wata guda ya yi yana jifa kamar ba hannunsa ba.

A watan jiya suka saɓa kan albashin bana, aka kai su gaban masu yanke hukunci guda uku, yadda suke yi a nan. Ɗan wasa yana zaune, ƙungiyarsa tana lissafa aibinsa. Yaya, lissafin jifansa na watan nan na rasuwa Halbat ya sa aka haska a bango. Suka ce ga shaida, yaron yana karaya idan abu ya yi nauyi. Ba wanda ya ambaci mutuwa. Suka ci shari'ar. Yaron ya zo gidana ya zauna a kujerar ubansa, na zuba masa tuwo har ya huce bai taɓa ba.

Yanzu kuma ba kunya sun aiko da tayi, wai ya sa hannu shekara biyar tun kafin ya sami 'yancin, kuma amsa suke so kafin wasan farko a ƙarshen wata. Shi yana so, saboda ni da cikin Najat. Ni ba na so. Akwai wata ƙungiyar a garin nan, abokan gabarsu. Burina ya tsallaka can, yana nan kusa da ni, Halbat kuma yana kallonsa kullum a jarida har ciwon zuciya ya kama shi.

Kai ne kawunsa, kai ka san ciniki. Faɗa mini yadda za mu ƙuntata wa mutumin nan. Kofi zai juyo nan da mako biyu.

Ƙanwarka,
Abiba

*

Aboabo, Kumasi
Tsakiyar Maris

Abiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, Kofi kuma ya cika surutu. Nimatu tana gaida Najat, ta ce ta rage hawa bene.

Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci. Amma bari in raba miki maganar gida biyu. Kushe ba laifi ba ne a ciniki. Wanda ya buɗe bakin sa ya ce haƙoran sun tsufa, shi ne mai saye. Wanda ya yaba ya wuce, kallo ya zo yi. To amma a ɗauki makokin mutum a sa a ma'auni, wannan ko a kara ba ma yi, mu da ake ce mana marasa tausayi.

Ga abin da za ki gaya wa Abdul-Hanan, ki ce inji kawunsa. Tayin farko albarka ake ce masa, da fara'a, ba da faɗa ba. Wa'adin da suka sa, tsoro suke son ba shi, kada ya kula. Na biyu, ya rufe bakinsa. Kofi ya ce yana da wakili, to wannan shi ne dillalinsa, shi zai yi magana. Mai dabba da ya fiye bayani, an san akwai biki a gidansa yana neman kuɗi. Kada ya bari su ji maganar cikin nan, kada su ji cewa ba ya son nisa da ke. Na uku, dillalin ya bari a riƙa ganinsa da mutanen waccan ƙungiyar, ko shayi ne su sha a inda idanu suke. Ba abin da ke tayar da mai saye kamar ya ga wani yana shafa bayan san da ya kushe. Na huɗu, ya kula da hannun, ya ci, ya yi barci, ya yi jifan da zai sa su ji kunya.

In kun yi haka, ki zuba ido. Halbat zai dawo da ƙafarsa.

Wata tara kenan da rasuwar Ishawu, na san har yanzu kina zuba abincin mutum biyu. Ki riƙa zuwa shago, zaman ɗaka ba zai yi miki kyau ba.

Yayanki,
Rufa'i

*

Morrisania, Bronx
Ƙarshen Yuni

Yaya Rufa'i,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata damina ta sauka lafiya. Mu nan zafi ya zo, shagon atamfa a Harlem ya cika da masu shirin biki, ƙafafuna ne kawai ke kumbura da yamma. Cikin Najat ya fito sosai.

Yaya, Allah ya ja da ranka! Mun ce albarka, wa'adinsu ya wuce, sama ba ta faɗo ba. Yaronka kuwa tun da aka fara wasa yake jifa kamar mai jin haushin ƙwallon. Manyan masu sanda sai su kai duka su sami iska, su juya suna zagin ƙasa. An zaɓe shi cikin gwanayen ƙasar baki ɗaya. Ni da ban taɓa gane wasan ba, yanzu na sa talabijin a shago, in aka nuno Halbat a ɗakinsa na gilas yana cizon biro, sai in ƙara wa mai saye rabin yadi kyauta. 'Yan jarida sun tambayi yaron ko zai zauna, ya ce shi jifa ya sani, a tambayi wakilinsa. Wakilin kuma ya ci abinci da mutanen waccan ƙungiyar a gaban taga, hoton ya fito washegari. Duk yadda ka tsara.

Makon jiya suka dawo. Shekara shida, da kuɗin da ba zan rubuta a takarda ba, har da sharaɗin ba za a kai shi wani gari ba sai da yardarsa. Wakilin ya ce tayi ne mai kyau. Ran Juma'a bayan masallaci yaron ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ka san shi, ina Hausa yana Turanci. Ya ce, "Mma, ina so a haifi yaron nan a inda za ki riƙa goya shi."

Na ce, "Ni ma haka. Amma kawunka ya rubuta cewa Halbat zai dawo da ƙafarsa. Ina ƙafar? Takarda na gani. Ya zo nan ɗakin da ya zauna makoki, ya ce ya yi laifi, ka sa hannu a gabansa."

Aka kai saƙo. Amsar da Halbat ya bayar wai aiki ne ya yi, ba gaba ba ce, kuma ba ya neman gafara kan aikinsa. Ka ji fa! Na ce wa yaron ko alƙalami kada ya taɓa. Ya daɗe yana kallon hoton ubansa, sannan ya ce, "Duk abin da kika ce, Mma." Kada ka ɗauka tilasta shi na yi, shi ma abin yana cinsa.

Wakilin yana ta wani tsoro, wai in suka tabbatar ba zai zauna ba suna iya musayarsa da wata ƙungiya kafin ƙarshen Yuli. Na ce su gwada, mutanen garin nan su cinye su ɗanye. Saura 'yan watanni mu tsallaka.

Abiba

*

Aboabo, Kumasi
Farkon Yuli

Abiba,

Muna lafiya, ruwa ya sauka har ya yi yawa. Gaisuwar ta tsaya nan, domin maganar da gaggawa.

Na kira ki shekaranjiya na ce ki saki, kika ce netwok ba kyau. Na lura netwok ɗinki yana lalacewa ne duk lokacin da magana ba ta yi miki daɗi ba. To ga ta a rubuce.

Ban ce mutumin zai zo ya durƙusa miki ba. Cewa na yi zai dawo, wato da tayi na biyu, kuma ya dawo. Dabarar da na ba ki ta tayar da farashi ce, ta yi aikinta, ta ƙare. Wanda ya ƙi tayi na biyu mai kyau ya daina ciniki, faɗa yake yi. Ni ban koya miki faɗa ba, da shi aka haife ki. Tun kina yarinya in aka taɓa ki sai kin rama ko bayan sallah ne.

Layin da kika rubuta a ƙarshe kika wuce shi da dariya, shi ya hana ni cin abinci. Ashe suna iya ba da shi ba da yardarsa ba? To Abiba, ni na yi kuskuren lissafi tun farko. Na ɗauka mu ne masu dabba. Ashe har zuwa ƙarshen wasannin nan igiyar tana hannun Halbat. Duk wanda ya san abu zai fita hannunsa kyauta gobe, yau zai sayar. Ni ma haka zan yi, kuma ba don ƙiyayya ba.

Ki kira yaron ya sa hannu. Yana da sharaɗin zama kusa da ke, me ya fi wannan? Haƙƙin Ishawu ki bar wa Allah, ya fi ki iya karɓa.

Rufa'i

*

Morrisania, Bronx
Tsakiyar Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki akwai.

Takardarka ta Yuli jiya ta iso. Kofi ya tsaya jinyar uwarsa, ya zo yana ba ni haƙuri, na ce ya ajiye haƙurin ba shi da amfani yanzu.

Sun ba da shi. Ran talatin ga Yuli ya je fili, ya sa kayan wasa, aka kira shi ofis aka ce ya cire. Sun musanya shi da samari uku daga wata ƙungiya a can ɗaya bakin ƙasar, tafiyar awa shida a jirgi. A ranar ya tashi. A waya ya yi mini sallama daga filin jirgi, ko addu'a ban tofa masa a ka ba. Najat ta bi shi da tsohon ciki bayan mako guda, ni na naɗe mata kaya, ba ta ce mini komai ba sai na gode.

Mutanen garin da na ce za su cinye su? Kwana biyu suka yi suna ihu a rediyo, a na uku suka koma yabon samarin. Wata jarida har ta ce Halbat ya yi wayo.

Ka ce ka yi kuskuren lissafi. To ai kai ne masanin, ni atamfa nake aunawa. Da ka faɗi maganar igiyar nan tun Maris, da wani zancen ake yi. Amma kada ka ce in bar wa Allah kamar na ce ba zan bar masa ba. Na bar masa nasa, ina riƙe da nawa. Mutumin nan ya yi amfani da mutuwar mijina, yanzu ya ɗauke mini ɗa kamar buhun masara. Aro ne kawai suka yi a can. Watan Nuwamba yana zuwa, yaron zai sami 'yancinsa, ya dawo garin nan cikin rigar abokan gabarsu. Ran da zai fara jifa a kansu, ashobi zan fitar.

Abiba

*

Aboabo, Kumasi
Oktoba

Abiba,

Barka, barka! Allah ya raya Ishawu ƙarami, ya sa mahaddaci ne. Mun yanka rago a nan ma. Nimatu ta ga hotonki a wurin suna kina riƙe da sabon maigidanki, ta ce kin yi kyau amma kin rame. Na ji kin koma New York ƙafafu a kumbure, likita ya ce ki rage dogon jirgi.

Laifin da kika ɗora mini na karɓa. Na auna wasan Amurka da mudun kara.

Abdul-Hanan ya kira ni, na sa Nimatu ta kori kowa daga tsakar gida. Hausarsa a karye, amma na gane. Ya ce mutanen can suna riƙe shi da mutunci, za su taya da ƙarfi. Ya ce ya roƙe ki ki koma can, kin ce ba ki barin kabarin ubansa da shagonki da matan masallacinku. Ban ga laifinki ba. Sai ya ce, "Kawu, ni gida nake so, amma ba zan tsallake maganar Mma ba."

Kin ji irin ɗan da Allah ya ba ki. Saboda haka nauyin yana kanki. Duk ƙofar da ta buɗe zuwa New York a watan gobe, ko ta wane ne, ki bar shi ya shiga. Shekarunmu sun ja, Abiba.

Rufa'i

*

Morrisania, Bronx
Tsakiyar Disamba

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Ƙanƙara ta sauka, ƙafafu suna nan yadda suke. Gara ka ji daga bakina kafin Kofi ya ƙara gishiri.

Waccan ƙungiyar da na kwana na tashi da ita ba ta taya ba. Wani ɗan jifa bahago suka saya, suka ce sun ƙoshi. Duk shayin da aka sha da su ya tafi a banza. Masu saye na gaske suka rage biyu, mutanen can da tsohuwar ƙungiyarsa. Samarin nan uku ba su tsinana komai ba, mai ƙungiyar ya ce a dawo masa da yaron ko nawa ne. Kowanne ya ce shekara bakwai, kuɗin kusan ɗaya. Yaron ya ce, "Mma, ke za ki zaɓa."

Ran Talata bayan azahar ina auna wa wasu mata leshi, ƙofar shago ta buɗe. Halbat ne, shi kaɗai, ƙanƙara a kafaɗarsa, hula a hannu. Ya tsufa. Ya ce, "Mama Abiba, ko zan iya magana da ke a keɓe?"

Na ce, "A keɓe ka haska watan a bango?"

Sai ya yi maganar a gaban matan. Ya ce ya san dalilin da jifan ya lalace a watan nan, ya san shi ya ce yaron ya dawo da wuri, kuma ya bari aka yi amfani da shi. Ya ce ba daidai ba ne, yana neman gafarata da ta yaron. Ya ambaci sunan marigayi, ya faɗe shi daidai. Na ce ban ji ba, injin ɗumama ɗaki yana ƙara. Ya maimaita. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin da ban ji ba tun rasuwar. Har cikin ƙashina na ji shi.

Bakina ya buɗe zan ce na yafe. Wallahi ya buɗe. Sai na tambaye shi, "Da hannun yaron ya lalace bana, da ka zo?"

Ya dubi hular. Ya ce, "A'a. Da ban zo ba."

Ɗaya daga cikin matan, Shamima, ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, ai ya faɗi gaskiya, ki yi haƙuri." Na ce gaskiyar ce ta kashe shi. Na ce masa ya gaida mai ƙungiyar, ɗan Ishawu ba zai sake sa rigarsu ba ina raye. Na riƙe masa ƙofa da kaina.

Na kira yaron tun ina tsaye a wurin. Na gaya masa duk yadda aka yi. Ina jin kukan jaririn a bayansa. Ya ce, "Ya nemi gafara, Mma?" Na ce ya nema. Ya ce, "Kuma kin ce a'a." Na ce na ce a'a. Ya ce, "To, Mma."

Ran Juma'a ya sa hannu a can. Shekara bakwai. Na gani a talabijin ɗin shago, an sa masa hula, Najat tana gefe da maigidana a kafaɗa. Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba. Shi yana kira kullum, ya tambayi ƙafafuna, ya ce ana kiransa. Jiya aka sanar an sauke Halbat daga kujerarsa.

Na lissafa, ran da kwantiragin zai ƙare ina da shekara saba'in da ɗaya, yaron da ban goya ba yana aji biyu. Kada ka rubuto ka ce ka gaya mini, na san ka gaya mini. Kuma kada ka tambaye ni ko na yi nadama, domin in mutumin nan ya sake shigowa gobe ban san abin da zan ce masa ba.

Abin da na nema na samu, Yaya. Na ci nasara. Ka yi mini barka, domin a nan ba wanda ya yi mini.

Ƙanwarka,
Abiba